Hayaƙin garuruwanmu: wa ke ƙirga shi?

Jama'a, duk lokacin da aka tada zancen auna hayaƙin da ke ɗumama duniya, sai ka ji wasu na cewa: "Mu ina ruwanmu? Ai Amurka da Sin ne ke ɓata iska." Gaskiya ne, kason Nijar bai kai ko 1 cikin 100 ba. To amma ambaliyar 2024 da ta rushe gidaje a Maraɗi, ta kada tsohon masallacin Birni a Damagaram, ta tambayi wanda ya yi laifi?

A taron COP29 na Baku, a 2024, ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 300 kowace shekara kafin 2035. Kuɗin nan ba a bayar da su don kuka, sai garin da ya zo da lissafi a rubuce. Ku je ofishin kantoman garinku ku tambaya: motocin icce nawa ke shigowa kullum? Bola nawa ake ƙonawa? Gazuwal nawa janareto ke sha idan wutar Nigelec ta ɗauke? Kabu-kabu nawa ne a gari?

Aikin nan bai buƙatar baƙon masani. Ɗaliban jami'o'in Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram za su iya shi, unguwa-unguwa. Lissafin ne zai nuna inda za a fara: gas ɗin girki, kwashe shara, ko wutar rana.

Kantomomi, ku ƙirga, ku karanta mana sakamakon a rediyo da Hausa. Hayaƙin nan ƴaƴanmu ke shaƙarsa tun kafin ya kai sama.