Mai shagon littattafai, ka koyi yi wa kwamfuta tambaya

A ganina, lokaci ya yi da masu shagunan littattafai a zangunanmu, daga Nima har Kumasi, za su rage dogaro da kundin rubuta ciniki. Kundi yana ajiye lissafi, amma ba ya amsa tambaya. Wane littafi ne ya fi tafiya a watan azumi? Wa ake bi bashi tun komawar yara makaranta? Sai ka kwana kana buɗe shafuka.

Harshen SQL, wanda aka ƙirƙira a kamfanin IBM a shekarun 1970, don irin wannan aka yi shi. Jadawali uku sun isa: na littattafai, na masu saye, da na ciniki. SELECT ya zaɓo abin da kake nema, WHERE ya tace, JOIN ya haɗa mai saye da abin da ya ɗauka, SUM da GROUP BY su tara kuɗin kowane littafi. Manhajar SQLite kyauta ce, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. A matsayina na malami, na tabbata yaron da ya gama sakandare zai iya koyon wannan cikin hutu ɗaya.

Amma fa a kula. DELETE ba tare da WHERE ba yana share duk abin da ke cikin jadawalin, don haka a riƙa ajiye kwafi kullum. Sannan sunaye da lambobin wayar masu saye amana ce. Dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012 ta ɗora alhakin tsare su a kan wanda ya tattara. Malam, kada ka miƙa wa kowa su don talla ko kamfe.