LAUYAN GWAMNATI, NA WA NE?

Jama'ar Jega, Aliero da Maiyama, ku saurara!

A 1980 gwamnatin Shagari ta kama Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Borno, ta jefa shi Chadi, wai baƙo ne. Lauyoyin gwamnati, masu cin albashi daga harajinmu, suka tsaya suna kare wannan zalunci. Kotun Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne. Suka sha kunya!

To, in an yi wa ɗan majalisa haka, ina ga mai albasa da ke ƙetare iyakar Kamba, ko takardar haihuwa babu? Wa zai tsaya masa?

Jam'iyyarmu za ta ba talakan da aka tsare a kan iyaka lauya kyauta. Ran zaɓe, ku ba ta ƙuri'arku!