Safo: An Kawo Ruwa, Ina Za Shi Bayan An Gama Da Shi?

Tun da aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi a Nijar a shekarar 2004, babu aikin da ya kai rijiyar burtsatse farin jini a wurin masu mulki. Ita ce ake kira wa makaɗa ranar buɗewa, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Amma ruwan da ya fito daga famfo ba ya ɓacewa don an yi wanka da wanki da shi. Lungu yake bi ya kwanta, ko ya nutse cikin ƙasa tare da abin da ke tsatsafowa daga masai. Wannan ruwa shi ne maraya, kuma a Safo, cikin gundumar Madarumfa, sakaci da shi ganganci ne.

Safo tana kwarin Gulbin Maraɗi, wanda ke shigowa daga ƙasar Katsina ta Jibiya. A irin wannan fadama ruwa yana kusa. Shi ya sa lambu ke albarka, shi ya sa kuma ramin masai da rijiya suke zama maƙwabta a ƙarƙashin ƙasa ko da katanga ta raba su a sama. Masana tsabta suna neman tazarar mita 30 tsakaninsu. Wa ya taɓa aunawa kafin a haƙa? In damina ta sauka, gulbi ya cika, babu sauran tazara.

Ba a daɗe da ganin sakamakon ba. A watan Yulin 2018 kwalara ta ɓulla a Madarumfa, kafin ta lafa ta kama sama da mutum 3,600 a faɗin ƙasa. A 2021 ta sake dawowa jihar Maraɗi. Kowane karo sai a ce daga ƙetaren iyaka ta zo. To, a ce haka ne. Baƙo ba ya kwana inda ba a yi masa shimfiɗa ba.

Masu cewa ƙauye ba birni ba ne, ba shi da kuɗin injunan tace ruwa, suna amsa tambayar da ba wanda ya yi. Ba inji ake nema ba. Kududdufai uku ne a jere, nesa da rijiyoyi, a daɓe gindinsu da yumɓu: na farko mai zurfi, inda dauɗa ke kwantawa, sauran biyun marasa zurfi, inda rana da gansakuka ke kashe ƙwayoyin cuta cikin ƴan makonni, har ruwan ya dace da ban-ruwan itatuwa. Rana kuwa, ko mahassadi ba zai ce Maraɗi ta rasa ta ba. Abin da ya rage fili ne, da shinge saboda yara, da mai gadi da za a riƙa biya, da umurni ga masu kwasar masai su kai can maimakon bakin gulbi.

Doka ma ba ta yi ƙaranci ba: akwai ta tsabtar jama'a tun 1993, dokar ƙananan hukumomi ta 2010 kuma ta ɗora tsabtar gari a wuyan hukumar gari. Rushe majalisun da aka yi a 2024 ya sauya mai riƙe da hatimi, bai sauke nauyin ba. Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu, da ake gayyata su cika rumfa ranar buɗe famfo, suna da damar tambaya a gaban jama'a: nawa aka ware wa ruwan ƙazanta a kasafin bana, kuma a wane fili za a haƙa kududdufin farko?