Daren da ya faɗo da la'asar

Wannan makon a yi mini afuwa, ba zancen farashin albasa zan yi ba.

Ranar Talata uwargida ta tare ni da ƙara tun daga ƙofa: "Alhaji, autanka ya daina jin kira, kullum kansa na cikin waya." Na ƙwace wayar zan jefa a durowa, sai yaron ya marairaice: "Baba, don Allah bari in shiga ɗaki tukuna, dare ya kusa, za su kashe ni." Ƙarfe huɗu fa, rana tana dukan Kumasi! Na ce zauna nan ka nuna mini daren.

Sunan wasan Minecraft. Wani mutumin Suwidin, Markus Persson, ya fara fitar da shi a 2009, Microsoft kuma ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 2.5.

Jefa ka ake yi cikin daji hannu rabbana, ba mai masauki, ba mai ce maka yi kaza. Yini da dare duka minti 20 ne. Kafin duhu sai ka sari itace, ka yi teburin sassaƙa, ka haɗa sanda da gawayi don haske, saboda a duhu dodanni ke fitowa. Gado ma sai ka nemo tumaki, ulu uku da katako uku. A ƙasan allo akwai cinyoyin nama 10, su ne ma'aunin yunwa. Gudu da tsalle na cinye su. Idan suka gaza 9 rauninka ba ya warkewa, idan saura 3 gudun ma ba ka iyawa. Jakarka gurbi 36 gare ta, to me za ka ɗauka, me za ka bari? In ka mutu a hanya kayanka su zube a wurin, bayan minti 5 su ɓace.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Ni da na sauka tasha a garin nan da jaka ɗaya, ban san kowa a zango ba, na san wannan lissafin: kafin magariba ka san inda za ka kwana, kuɗin abinci daban da jari.

Har kasuwa akwai. Mutanen ƙauye suna ciniki da wani koren dutse. Ka cika wa mutum kaya iri ɗaya, sai ya daina saye, ka dawo ka tarar farashi ya lalace. Akwai kuma wani bafatake mai yawo da dabbobi biyu masu kama da raƙumi marasa tozo. Yaron ya ce shi ba ya saye a wajensa, tsada gare shi. Na ce kai, ka san wahalar hanya kuwa?

Inda wasan ya yi ƙarya shi ne abinci ba ya ruɓewa. Dankali ya shekara a akwati lafiya lau. Wanda ya taɓa ɗauko albasar Galmi, mota ta kwana uku a kan iyaka yana jin warin asararsa, ba zai yarda da wannan ba. Babu bashi, babu shingen hanya, kuma wanda ya mutu a gadonsa yake farkawa.

Na mayar masa da wayar bisa sharaɗi. Awa ɗaya bayan ya dawo daga Islamiyya, wato kwana uku nasu. Ba shiga wasa da baƙi ta intanet, don ban san wa ke can yana hira da shi ba. Kuma ko sisi kada ya taɓa daga kuɗin wayata don sayen Minecoins ɗinsu.

Sai ya ce in gwada. Ina tsakiyar gina bukkata wani koren abu ya lallaɓo ta bayana ya fashe, bango da itacen da na tara duk suka tafi. Na sake farawa. Uwargida ta ce sau uku ta kira ni cin tuwo.