TAFARNUWA: ƁERA DABAM, MUTUM DABAM

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu da hunturu ya ga yadda fadamar Gulbin Rima ta ke cika da masu noman rani. Shinkafa ita ce sarauniyar wannan fadama, amma akwai masu keɓe 'yan fangali su dasa albasa da tafarnuwa. To, ga wata magana da ta ke yawo a bakin masu tallan magani, wai man tafarnuwa yana narkar da kitsen jini, wai likitoci sun gwada sun tabbatar. Maganar nan da tushe, amma an datse mata wutsiya. Ya kamata manomi da falke da akawu su ji ta ɗungum.

Kitsen jini shi ne maiƙon da ke gudana tare da jini, wanda likitoci ke kira kolestarol. In ya yi yawa sai ya riƙa liƙewa a jijiyoyi, kamar yadda laka ke toshe hanyar ruwa a lambu. Ƙarshenta ciwon zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki.

Cikin 1984 wata mujallar masana mai suna Experientia ta buga gwajin da Sodimu da Joseph da Augusti suka yi. Sun ciyar da ɓeraye abinci mai maiƙo ƙwarai har wata guda, sai kitse ya hau a jininsu da hantarsu da ƙodarsu. Waɗansu ɓerayen kuwa aka haɗa musu da man tafarnuwa kullum, sai kitsen bai hau kamar na 'yan'uwansu ba. Wannan gaskiya ne, ba mai musu.

Amma fa a duba yawan man da aka ba su. Miligiram 100 ne kowace rana ga kowane kilo na nauyin jiki. In aka bi wannan ma'auni, mutum mai kilo 60 sai ya sha giram 6 kullum. Man da ke cikin tafarnuwa kuwa ɗan kaɗan ne, sai an dafa fiye da kilo guda an tace tururinsa kafin a sami wannan. Wane magidanci ne zai ci kilon tafarnuwa kowace safiya?

Sa'an nan masana ba su tsaya kan ɓera ba. Cikin 1998 likitocin Jami'ar Bonn ta Jamus suka ba mutum 25 masu yawan kitsen jini man tafarnuwa har mako 12. Kitsen bai sauka ba. Cikin 2007 a Jami'ar Stanford ta Amurka aka gwada mutum 192 har wata 6, waɗansu da ɗanya, waɗansu da garinta, waɗansu da wadda aka tsima. Nan ma mugun kitsen bai sauka ba. Akwai waɗansu gwaje-gwajen da suka ga ragi, amma kaɗan ne, bai kai na maganin asibiti ba. Watau dai abin da ya yi wa ɓera aiki ba lalle ne ya yi wa ɗan Adam ba.

Haɗarin a nan ya ke. Akawun da ya wuni zaune a ofis, likita ya auna jininsa ya ɗora shi kan magani, in ya ji mai talla ya ajiye ƙwayoyinsa ya kama kwalba, ya yi cinikin biri a sama. Kitsen jini ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, sai ranar da ya kā da mutum. Har ila yau tafarnuwa mai yawa tana rage daskarewar jini. Wanda ke shan maganin tsinka jini, ko wanda za a yi wa aiki a asibiti, lalle ya gaya wa likita in yana shanta.

Wannan ba kushe ba ne ga tafarnuwa. Abinci ce mai kyau, tana gyara miya da yaji, kuma ba ta rasa mai saye. Ribar manomi ba a kwalba ta ke ba, a fangali ta ke. Ya zaɓi manyan 'ya'ya masu lafiya don iri. Ya dasa da farkon sanyi, wajen Nuwamba, don ba ta yin kai sosai in zafi ya riske ta da wuri. Ya sa taki ruɓaɓɓe, kada ya bar ruwa ya kwanta mata. In ganye ya soma rawaya ya janye ban-ruwa, ya tone, ya shanya a inuwa inda iska ke ratsawa har wuyan ya bushe sarai. Wadda ta bushe haka tana jure ajiya, mai ita ya jira kasuwa ta yi kyau maimakon ya karyar ranar da kowa ya kawo tasa.

Falke kuma ya sayar da ita da sunanta na kayan miya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da mai saye ya gane an ruɗe shi ba ya komowa. Tafarnuwa ta tukunya ce, awon jini na likita ne. Allah ya sa albarka a noman rani, amin.