Ba kai ka kar zomon ba, rataya aka ba ka

Idan kana cikin waɗanda barci ke ƙaurace wa har biyun dare, kana ta lissafin kuɗin rajista da na haya, gabanka na faɗuwa, to zo mu yi wani lissafin tare.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Mafi ƙarancin albashi kuwa daga 30,000 ya koma 70,000. Wato mai ya ninka sau biyar, albashi sau biyu da ɗoriya. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da ya dace da rancen NELFUND yana karɓar 20,000 a wata na kashewa. Raba ta kwana 30 ka gani: ba ta kai 700 a rana ba. A ciki za a ci, a hau ɗan sahu, a sayi data.

To ina laifinka a nan?

Amma mu matasa, maimakon mu ga lissafin, sai mu juya kan kanmu. "Ni dai ban da amfani." "Sa'o'ina duk sun wuce ni." Su wa? Waɗanda ke ɗora hoton shadda da mota a TikTok? Malam, babu mai ɗora hoton bashin da mai shago ke bin sa.

Ka tuna Majiya, a ƙaramar hukumar Taura, cikin Oktoban 2024: tankar mai ta kife, jama'a suka fito kwasa, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Da yawa a Facebook kwaɗayi kawai suka gani. Ni abin da na gani shi ne yadda matsi ke toshe wa mutum tunani. Fargaba haka take: tana rage barci, tana hana karatu shiga, sannan ta dawo ta ce kai ne rago.

Tausaya wa kai ba naɗe hannu ba ne fa. Kawai ka yi wa kanka magana yadda za ka yi wa amininka in ya zo maka a karye. Ba za ka ce masa "kai ka jiyo" ba. Ke ma 'yar'uwa, in jarin turarenki ya karye, ba rashin dabararki kaɗai ba ne. Masu sayen ne aljihunsu ya bushe.

Mun iya cewa "a yi haƙuri", kuma addu'a makami ce. Sai dai in rashin barcin da bugun zuciyar sun ɗauki makonni, ko ka fara tunanin cutar da kanka, wannan ya wuce haƙuri. Faɗa wa wanda ka yarda da shi a yau, sannan ku je asibitin makaranta ko na Rasheed Shekoni, ka gaya wa likita yadda kake ji, ba tare da ka fake da "zazzaɓi ne" ba.