Kuɗinmu Ne Makaminmu

Jama'a, duk wanda ya ratsa kasuwar Adjamé ko Treichville a Abijan ya ga hotunan mata a allunan talla da kwalaben man bilicin. An mai da fatar 'ya mace haja. Tun 2015 gwamnatin Kodebuwa ta haramta mayukan bilicin masu cutarwa, amma ciniki bai tsaya ba, domin mu ne masu saye.

A Disamba 1949 mutanen ƙasar nan sun ƙaurace wa kayan Turawa, mata suka taka daga Abijan har Grand-Bassam don a saki shugabanninsu. To, mu ma mu riƙe kuɗinmu. Ɗan kasuwa ba ya jin wa'azi sai hajarsa ta yi kwantai. Allah ya sa mu gane.